Tutoci Ɗari Biyu da Goma Sha Huɗu

Assalamu alaikum masu bin labarina. Na ga saƙonninku, har da wadda ta rubuto ta ce ko aure na yi na ɓoye muku. Ban yi aure ba, 'yar uwa. Sati uku ke nan ba na iya rubuta layi biyu ba tare da hawaye ya rufe min ido ba. Yau dai na ce ko me zai faru sai na amayar da abin da ke cina.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Saffana, 'yar Gwammaja ce ni a Kano. Digiri na biyu ya kawo ni Guangzhou ta ƙasar Sin, ina zaune a unguwar Xiaobei gidan ƙanin Ummata, Kawu Babayo mai shago a benen kasuwar Tianxiu, da matarsa Anti Barira. Karatuna binciken kufai ne, wato wuraren da mutane suka taɓa zama suka tashi. Umma kuwa ta raɗa masa suna karatun tsintar tsingaro. Duk saƙon muryar da za ta turo da abu ɗaya yake ƙarewa: "Sa'anninki na goyon na biyu, ke kina ƙasar Sin kina bin fasassun tukwane."

Wurin aikinmu wani ƙauye ne a kudu, tafiyar awa biyu, ba zan faɗi sunansa ba. Idan kuka je, gonakin ayaba za ku gani da kududdufan kifi, babu ko ƙamshin teku. Amma shekara dubu huɗu da suka wuce nan ne bakin ruwa. Kogi ne ya yi ta kawo laka yana tura teku baya, har ya bar wani ɗan tudun yashi a tsakiyar gona, inda masunta suka yi gari. Aikinmu shi ne mu jeru kamar sahun salla, taku biyar tsakanin kowa, mu yi ta tafiya ido a ƙasa. Duk wanda ya ga tsingaro, ko ɓawon katantanwar teku, ko dutsen da ake ɗaura wa taru, sai ya kafa 'yar jar tuta mai lamba a gefensa ya wuce. Ba a taɓawa. Sai an zo da na'ura an auna wurin kowane ɗaya tukuna a ɗauka, domin wurin ne ke gaya mana nan aka yi girki, nan aka ɗaure jirgi, nan ruwa ya tsaya. Malamarmu Farfesa Liang kullum tana cewa abu idan an ɗauke shi daga inda yake ba a rubuta ba, ya zama bebe.

To, sai Abdul-Fatah.

Ɗan zangon Kumasi ne a Ghana, yana da ɗan ofishin tura kaya hawa biyu ƙasa da shagon Kawu. Baƙi ne dogo mai wushirya, kullum da wani tef ɗin awo ruwan ɗorawa maƙale a ƙugunsa, gefensa a fashe an ɗaure da salatif. Farkon haɗuwarmu "ka" yake ce min irin Hausar can, sai da na yi wata uku ina gyara masa kafin ya saba da "ki". Malama yake kirana. Umma ba ta so ba, wai ba a san asalinsa ba, Kawu ne ya tsaya ya ce shekara shida yana ba shi kaya ko allura ba ta taɓa ɓata ba. Da ƙyar da siɗin goshi ta yarda ya zo ya gaida Kawu a matsayin mai nema, aka sa ranar Lahadi.

Sau ɗaya ya taɓa zuwa gonar. Ya kawo min shinkafa da wake irin nasu da yajin shito a kula, ya tsaya daga bakin hanya yana kallona cikin malafa da takalmin roba, yana dariya har da riƙe ciki.

"Malama, duk wahalar nan a kan fasasshen kasko? Ki zo Tianxiu in saya miki sabo."

Ranar na gaya masa maganar Farfesa. Ya gyaɗa kai, na ɗauka ya fahimta.

A satin da abin ya faru an ba ni yankin da ya fi kowanne albarka. Kwana biyu, Alhamis da Juma'a, na kafa tuta ɗari biyu da goma sha huɗu, kowace da lambar da na rubuta da hannuna. A kansu zan rubuta kundina gaba ɗaya. Na'urar awo tana hannun wasu sai Litinin, katafila kuma za ta shigo ƙarshen wata a share wurin a gina sito. Ranar Asabar sai ga sanarwa a waya: guguwar teku na tafe, ruwa zai sauka yammacin Lahadi kamar da bakin ƙwarya. Na kira Abdul-Fatah ina kuka. Na ce ruwa zai wanke min komai, shekara biyu ta tafi a banza.

"Kada ki damu, Malama," ya ce. "Allah na nan."

Da na san abin da ke ransa da na haɗiye kukana.

Ranar Lahadi tun azahar Anti Barira ta hana ni sakat. Muka ture kwalayen samfurin takalma da suka cika falo zuwa bayan kujera, aka shimfiɗa sabon kafet, aka kunna turaren wuta na Maiduguri da take ɓoyo sai babban baƙo. Ta tuƙa tuwon shinkafa, ta kaɗa miyar kukar da aka aiko mana daga gida. Na saka atamfata shuɗiya mai zanen ganye, riga da siket, da mayafi ruwan toka, na zizara kwalli. Anti ta kalle ni ta ce, "Yau dai kin yi kama da mutane."

Bayan la'asar ya buga ƙofa. Farar shadda ce a jikinsa sabuwa fil, amma idanunsa sun yi ja, bayan wuyansa duk rana ta ƙona, ƙarƙashin farcensa da laka. A hannunsa wani kwali ne da aka naɗe da salatif tsaf, kusurwa huɗu kamar mai shirin shiga kwantena. Ya durƙusa ya gaida Kawu, ya gaida Anti, sannan ya tura kwalin gabana yana wannan murmushin nasa.

"Kawu, a yi min afuwa, na san ba a fara da kyauta. Amma wannan ba zai iya jira ba."

"Buɗe mana mu gani," in ji Anti, tana zunguri na.

Na yanka salatif ɗin. Abin da na fara gani a sama jan abu ne, an haɗa an ɗaure da kyauro. Tutocina. An wanke su, an goge sandunan. A ƙarƙashinsu kuma, layi-layi, manya a ƙasa ƙanana a sama, kowane tsingaro an naɗe shi da ledar nan mai ƙurajen iska, an manna masa lamba.

"Tun asuba nake can," ya ce. "Ni kaɗai. Ko ɗaya ban bari ba, na ƙirga sau biyu. Yanzu ruwa ya zo ya yi abin da ya ga dama."

Jama'a, na ɗaga tuta ɗaya na dubi lambar da na rubuta da hannuna.

"Kai, masha Allah!" in ji Anti. "Ka ga mai tausayi. Ya hutar da ke."

"Ka cire tutocin?" na ce.

"Na cire, kada iska ta kwashe. Amma na rubuta lambar kowace a jikin..."

"Lambar me? Lamba ba tare da wuri ba uwar me za ta yi min? Abdul-Fatah, ka san abin da ka yi? Ruwa da ya zo da ya ɗan gusar da su ne. Kai ka kashe su gaba ɗaya!"

Murmushin ya fara zamewa daga fuskarsa. Ya laluba aljihu ya ciro waya.

"Malama, tsaya ki ga, ai na..."

"Ba abin da zan gani!"

"Saffana," Kawu ya ce a hankali. "A gabana?"

Amma shaiɗan ya riga ya hau kaina. Zan rubuta abin da na faɗa yadda na faɗe shi, domin ban cancanci a rufa min asiri ba. Na ce, "Laifina ne da na ɗauka za ka gane. Kai duk abin da ka gani a duniya kaya ne, a kwasa a ɗaure a jefa a kwantena. Iyakar saninka ke nan."

Ya mayar da wayar aljihu. Ya dubi Kawu ya ce, "A gafarce ni," ya miƙe ya sa takalmi. Ko ruwa bai sha ba. Kafin ya kai ƙasan bene na toshe shi a WeChat, na toshe shi a WhatsApp, na shige ɗaki na kife a gado da atamfar da komai.

Kun san abin haushi? Guguwar ta canza hanya. Ko ɗigo bai sauka ba.

Litinin da safe na ɗauki kwalin na shiga motar makaranta. Muka tarar da gonar fayau, sai 'yan ramukan da sanduna suka bari, su ma kaji sun tone rabi. Maigadin ƙauyen tuni ya kai rahoto ga hukuma cewa an kwashe kayan tarihi. A ƙasar nan duk abin da ya fito daga kufai na gwamnati ne, wanda ba ya cikin masu izini ya ɗauka, maganar 'yan sanda ce, balle baƙo mai zama da biza.

Farfesa Liang ta buɗe kwalin, ta daɗe tana kallo. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, ba ta taɓa ɗaga min murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba.

"Wa ya yi wannan?"

Ina jin haushinsa kamar in mutu, amma bakina ya ƙi furta sunansa. Idan ni ce, horon makaranta ne. Idan shi ne, ofishinsa da zamansa da shekara shidansa ne.

"Ni ce," na ce. "Na ji tsoron ruwa."

Ta cire tabarau ta goge. "Ke da na fi yarda da ke."

Da ta mare ni da ya fi min sauƙi. Aka dakatar da ni daga aikin, aka rufe gonar, aka ce kwamiti zai zauna ƙarshen wata a duba ko za a janye tallafin karatuna. Ma'ana in koma Kano hannu rabbana, ba takarda, ba komai. Anti ta kasa riƙe bakinta, kafin magariba saƙon Umma ya iso, minti huɗu cif. "Dama me na ce? Ki tattaro ki dawo. Ba karatun, ba mijin, an yi biyu babu."

Kwana tara na yi a ɗaki da doguwar riga ɗaya. Anti ta kawo kunu ta mayar, ta kawo shayi ta mayar. Na kan buɗe hotonsa in kalla in ce Allah ya isa, in kuma sake buɗewa. Abin da ban sani ba, ranar Juma'a bayan an sauko daga Masallacin Huaisheng, Kawu ya ja Abdul-Fatah gefe wajen masu sayar da gurasa ya gaya masa cewa na ɗauki laifin a kaina.

Ranar Laraba Farfesa ta kira ni ofis. Na tafi da shirin karɓar takardar kora. Ta juyo min da kwamfutarta ta ce in zauna.

Hoto ne. Jar tutata lamba ɗaya tsaye a yashi, tsingaron a gindinta yadda na bar shi. A ƙasan hoton an buga rana da lokaci da lambobin da ke nuna daidai inda aka tsaya a doron ƙasa, irin kyamarar da masu tura kaya ke amfani da ita su nuna wa mai kaya cewa sun karɓa, a wuri kaza, ƙarfe kaza. A gefen tsingaron kuma an ja tef ɗin awo don a ga girmansa. Ruwan ɗorawa, gefensa a fashe, an ɗaure da salatif.

Ta danna na biyu. Ta danna na uku. Ƙarfe shida da minti goma, shida da sha uku, shida da sha biyar. Har ɗari biyu da goma sha huɗu, ƙarfe ɗaya da rabi na rana. Bai ɗaga ko ɗaya ba sai da ya ɗauke shi hoto a inda yake, domin a sana'arsu ba a taɓa kayan mutum sai an yi haka. Abin da ya ciro waya zai nuna min ke nan.

"Wani mutum ya zo ranar Juma'a," in ji Farfesa. "Na gaya masa idan na karɓi hotunan nan dole in miƙa su ga hukuma, kuma su ne shaidar da za ta kama shi. Na ce ya je ya yi tunani. Ya ce ya gama tunani a hanya." Ta sake duban hoton. "Bai kai awon na'ura ba, amma zai yi. Aikinki bai mutu ba. Wa ya koya masa sa ma'auni a gefen abu?"

Na kifa kaina a teburinta na yi kukan da ban taɓa yi a gaban baƙo ba.

Tun a matakala na cire toshewar. Kira goma sha ɗaya, bai ɗauka ba. Na rubuta "Don Allah ka yafe min," na goge, na sake rubutawa na tura. Na je Tianxiu da yamma, ofishinsa a rufe, 'yar Sin ɗin da ke shagon kusa ta kaɗa min hannu ta ce, "Lawban meyo," wato maigidan ba ya nan. Kawu ya ce in bar shi, kullum yana wajen hukuma ana yi masa tambayoyi.

Alhamis ta sati na gaba Kawu ya dawo tun kafin la'asar, abin da ba ya yi. Ya zauna bai cire hula ba.

"Zo nan, 'yata."

Na durƙusa a gefen kujera.

"Ba za su ɗaure shi ba, tunda kaya sun dawo cif kuma shi ya kai kansa. Amma sun soke takardar zamansa. Shekara biyar ba zai shigo ba. Jibi Asabar zai tashi, ƙarfe huɗu na yamma."

"Kawu, to ai sai a ɗaura kafin..."

Ya ɗaga min hannu. "Ya zo shago ɗazu. Ya ce in yi haƙuri, ya janye maganarsa ta aure."

Anti ta saki salati daga ƙofar kicin. Wayata ta yi ƙara a cinyata. Shi ne, saƙon murya, daƙiƙa arba'in. Na saurare shi ya fi sau ɗari, na haddace.

"Malama, assalamu alaikum. Ba fushi nake ba, wallahi. Maganar da kika faɗa ta yi zafi paa, amma akwai gaskiya a ciki. Farfesa ta ce bayan wannan za ta riƙe ki ki yi digiri na uku, shekara huɗu. Na ga yadda kike tafiya a gonar nan, ido a ƙasa, ko sunanki aka kira ba kya ji. Idan na aure ki yanzu, ko ki biyo ni Kumasi ki bar shi, ko ki zauna kina jira. Na taɓa kwashe miki abu daga wurinsa sau ɗaya don ina son ki. Ba zan sake ba. Ki je ki mayar da tutocinki."

Ko minti biyar ba a yi ba saƙon Farfesa ya shigo. Hukuma ta buɗe gonar kwana ɗaya tak, Asabar, domin Lahadi katafila za ta fara. Mota za ta tashi ƙarfe biyar na asuba. Babu wanda ya san yankin nan sai ni.

Gonar tana kudu, awa biyu. Filin jirgin Baiyun yana arewa. Na san wasunku za su ce da su ne da filin jirgi za su nufa, su riƙe masa riga. Ni ma na fitar da abayar da zan saka, na goge ta, na rataye. Amma idan ban je gonar ba, mutumin nan ya ba da ofishinsa da shekara shidansa a banza ke nan. Da asubar Asabar na wuce abayar na ɗauki takalmin roba.

Muka bi hotunansa ɗaya bayan ɗaya. In duba lambobin, in duba saiwar ayaba ko dutsen da ya fito a gefen hoton, in kafa tuta, mai na'ura ya auna. Duk inda ya durƙusa na durƙusa. A hoto na tamanin da bakwai babban yatsansa ya shigo, ya yanke da ɓawon katantanwa, jini a kan tef ɗin, bai tsaya ba, hoto na gaba bayan minti biyu ne. Wajen azahar tsarin ya fara fitowa a kwamfutar Farfesa: tukwanen girki sun taru a kan tudu, duwatsun taru sun jeru a gangare kamar an ja layi. Ta nuna da yatsa ta ce, "Ga bakin tekun nan." Shekara biyu ina jiran in ji wannan maganar. Na ce mata na gode, na juya na share ido da gefen mayafi.

Tuta ta ɗari biyu da goma sha huɗu na kafa ta ƙarfe huɗu da minti goma. Na hau kan tudun na ɗauki gonar hoto, jajayen tutoci ko'ina iska na kaɗa su. Na tura masa a WhatsApp, na rubuta a ƙasa: "Na mayar. Ko ɗaya ban bari ba, na ƙirga sau biyu. Ni kuma ba tsingaro ba ce, ina da baki, kuma ba ka tambaye ni ba."

Tik ɗaya, alamar saƙon bai isa wayarsa ba. Lahadi tik ɗaya. Litinin kwamiti ya wanke ni, Umma ta turo saƙo tana hamdala wai Allah ya raba ni da wahala, har ta fara lissafo min 'ya'yan ƙawayenta. Ban saurara har ƙarshe ba. Tik ɗaya dai.

Ɗazu ina tsakiyar rubuta muku wannan, wajen da na ce ya ciro waya na hana shi magana, na leƙa. Tik sun zama biyu, kuma shuɗaye, ya karanta. A sama aka nuna yana rubutu. Na ajiye komai na riƙe wayar da hannu biyu. Ya yi rubutu ya tsaya, ya sake yi ya tsaya.

Yanzu minti hamsin ke nan. Bai turo komai ba, kuma bai sauka daga WhatsApp ba.